Yadda Kanada Ta Mai da Duwatsunta Haja

Duk wanda ya taɓa duba tallar yawon buɗe ido ta ƙasar Kanada ya san hotunan da ake jera masa: tafkin Louise da ruwansa shuɗi mai ratsin kore a gindin dutse mai rawanin ƙanƙara, magangarar ruwan Niyagara tana ta tururi, wani katafaren otal mai siffar fadar sarakunan Turai a tsakiyar dajin Banff, ko ɗan'uwansa da ke kan tudu a birnin Kebek yana leƙen kogi. Saƙon hotunan ɗaya ne, wai ga ƙasa yadda Allah Ya halicce ta, babu sawun ɗan'adam, zo ka kashe ƙwarƙwatar ido. Faɗin ƙasar ma kan sa a gaskata, domin ta kusa murabba'in kilomita miliyan 10, Rasha kaɗai ta fi ta girma, mutanenta kuwa miliyan 40 ne da 'yan kai, galibinsu a maƙale kusa da iyakar Amurka. Sai dai tarihin wuraren bai goyi bayan tallar ba. Duwatsun halittar Allah ne, babu gardama, amma zamansu wurin zuwa kallo aikin mutane ne, akwai ranar da aka fara, akwai sunayen waɗanda suka yi, akwai littafin riba da faɗuwa. Kamfanin jirgin ƙasa ne ya zaɓi abin da za a gani, ya raɗa masa suna, ya gina tagar da za a leƙa shi, gwamnati kuma ta kawar da mutanen da ke zaune a cikin hoton don ya fita fes.

Tushen maganar siyasa ce da bashi. A 1867 aka haɗa lardunan gabas aka kafa tarayyar Kanada. A 1871 yankin British Columbia da ke can bakin tekun Fasifik ya yarda ya shigo, bisa sharaɗin a shimfiɗa masa layin dogo da zai haɗa shi da gabas cikin shekara 10. Alkawarin ya yi wa ƙaramar gwamnatin nauyi, sai a 1881 aka danƙa aikin ga kamfanin Canadian Pacific, aka haɗa masa da dala miliyan 25 da fili eka miliyan 25. Ranar 7 ga Nuwamba 1885 aka buga ƙusar ƙarshe a wani wuri mai suna Craigellachie. To, amma sashen layin da ya ratsa duwatsun Roki da na Selkirk shi ya fi cin kuɗi, kuma shi ne mafi ƙarancin kawo su. A filayen tsakiyar ƙasar ana sa ran alkama da manoma baƙi, a cikin duwatsun kuwa babu gari, babu gona, sai zaftarewar ƙanƙara da ke binne layi. Manajan kamfanin, wani Ba'amurke mai suna William Van Horne, shi ake jingina wa maganar nan cewa tunda ba a iya loda duwatsun a tarago a kai su kasuwa, to sai a kwaso masu saye a kawo su gindin duwatsun. Ko da bakinsa ya faɗa ko an ƙawata masa ne daga baya, abin da kamfanin ya yi ke nan.

Gandun dajin Banff, wanda shi ne na farko a ƙasar, daga rigimar mallaka ya samo asali. A 1883 wasu ma'aikatan layin dogo uku, Frank McCabe da 'yan'uwa biyu William da Tom McCardell, suka ga tururi yana tashi daga wani rami a jikin dutse, yana warin farar wuta. Suka sare itace suka zura shi cikin ramin ya zama tsani, suka sauka suka tarar da kogo mai ruwan ɗumi. 'Yan asalin yankin sun daɗe da sanin wurin, suna ɗaukarsa wurin neman waraka, amma a takardun gwamnati waɗannan uku ne suka "gano" shi. Suka kafa 'yar bukka, suka nemi a ba su mallaka, wasu ma suka taso da tasu da'awar. Gwamnati ta raba gardama ta hanyar riƙe wurin da kanta, ta keɓe murabba'in kilomita 26 a Nuwamban 1885, sannan dokar 1887 ta faɗaɗa shi zuwa kusan 674. Da ake muhawarar dokar a majalisa, Firaminista John A. Macdonald bai yi wata kwana-kwana ba: ruwan zai warkar da majinyaci, ya kuma farfaɗo da baitulmali. Abin da ke ransa shi ne garuruwan wankan magani na Turai inda attajirai ke zubar da kuɗi. Kare dabba ko itace don kansu bai kasance a sahun gaba ba.

Daga nan kamfanin ya shiga ƙera wurin a idon baƙo. Masaukansa na farko a cikin duwatsun larura ce ta haife su: hawan da ke kusa da garin Field ya yi tsayin da jan taragon cin abinci mai nauyi ya zama asara, sai aka gina gidajen abinci a bakin layi a 1886, fasinja su sauka su ci su koma. Da aka lura wasu ba sa son komawa, sai aka ƙara ɗakunan kwana. A 1888 aka buɗe otal ɗin Banff Springs. Ana ba da labarin cewa da Van Horne ya zo duba ginin sai ya tarar an juya zanen gaba ya koma baya, masu girki ne ke kallon kwarin kogin Bow, baƙi masu biyan kuɗi kuma na kallon jikin dutse, nan take ya zana rumfar da za a ƙara don gyara ɓarnar. Mai ginin da ya zana otal ɗin, Bruce Price, shi ya zana Château Frontenac na Kebek da aka buɗe a 1893, wanda har yau baƙi da yawa ke zaton tsohuwar fadar Faransawa ce, alhali otal ne na kamfanin jirgin ƙasa. Sunayen ma shigo da su aka yi. Banff sunan yankin Sikotilan ne inda aka haifi shugaban kamfanin na farko, George Stephen. Tafkin Louise kuwa, wani mutumin ƙabilar Stoney Nakoda ne ya kai ma'aikacin kamfanin Tom Wilson bakinsa a 1882, mutanensa na da sunan da suke kiransa da shi, amma cikin shekara biyu aka liƙa masa sunan 'yar Sarauniya Biktoriya. Bayan wani Ba'amurke mai hawan dutse, Philip Abbot, ya faɗo ya mutu a dutsen Lefroy a 1896, kamfanin ya ɗauko ƙwararrun jagorori daga Suwizalan a 1899, daga baya har ya gina musu unguwa mai fasalin gidajen ƙasarsu a garin Golden. Masu zane da masu ɗaukar hoto kuma ana ba su tikiti kyauta, su je su dawo da abin da za a manna a tashoshin Landan da New York.

Mai musu zai ce wannan duk surutu ne, kyau ai ba ya buƙatar dillali, da kamfani da babu kamfani tafkin Louise zai ɗauki ido. Launin ruwan dai ba fenti ba ne, garin dutse ne da ƙanƙara mai rarrafe ke niƙawa ta zuba a tafkin, hasken rana ya doke shi ya ba da wannan launi. Gaskiya ne, amma tambayar ita ce me ya sa wannan tafki ne duniya ta sani, cikin ƙasar da tafkunanta suka fi na kowace ƙasa yawa. A gandun Nahanni da ke arewa maso yamma akwai magangarar ruwan Virginia mai tsayin mita 96, kusan ninki biyu na Niyagara, amma masu zuwa ganinta ko kashi ɗaya cikin dubu na masu zuwa Niyagara ba su kai ba, saboda babu titi, sai ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa. Dutse mafi tsayi a ƙasar, Logan, mai mita 5,959, yana Yukon, kuma ba shi ake sawa a bangon kalanda ba. In aka ɗora taswirar shahararrun wuraren yammacin ƙasar a kan taswirar layin dogo, sai a ga sun hau juna daram. Gandayen Yoho da Glacier, waɗanda aka keɓe a 1886, a kan layin Canadian Pacific suke. Jasper kuwa sai a 1907 aka tuna da shi, daidai lokacin da kamfanin Grand Trunk Pacific ke shirin ratsa duwatsun ta arewa da nasa layin.

Musu na biyu ya fi ƙarfi, kuma ya cancanci a saurare shi da kyau. Masu shi na cewa ko da neman kuɗi ne ya sa aka keɓe wuraren, sakamakon ai alheri ne, da ba a yi ba da 'yan kasuwa sun yi kaca-kaca da su. Hujjarsu Niyagara ce, kuma hujja ce mai nauyi. A ƙarni na 19 bakin magangarar ya zama dandalin 'yan damfara. A 1827 masu otal suka loda dabbobi masu rai cikin wani tsohon jirgin ruwa mai suna Michigan, suka sake shi ya faɗa magangarar don dubban 'yan kallo su taru. A 1859 Bafaranshe Blondin ya tsallaka kwarin a kan igiya. Aka kakkafa shinge ta yadda sai ka biya kafin ka leƙa ruwan, a wasu wuraren a ce maka sauka ƙasa kyauta ne, sai ka zo hawowa a tare ka da lissafi. Abin kunyar ya yi yawa har Gwamna Janar Lord Dufferin ya yi kira a 1878 a ƙwace bakin ruwan a mai da shi na jama'a, lardin Ontario ya kafa hukumar kula da wurin a 1885, aka buɗe lambun Sarauniya Biktoriya a 1888. Wanda ya ce hukuma ba ta ceci Niyagara daga hannun 'yan ci-da-ceto ba bai yi adalci ba. Amma a dubi abin da ceton ya zama. Yarjejeniyar Kanada da Amurka ta 1950 ta ƙayyade ruwan da za a bari ya zuba: da rana, daga Afrilu zuwa Oktoba lokacin da baƙi ke nan, kimanin mita 2,800 na ruwa a ma'aunin kubik kowane daƙiƙa, da dare da lokacin sanyi kuma rabin haka. Sauran ana karkatar da shi ta manyan ramuka zuwa injinan wutar lantarki. Wato abin da mutum fiye da miliyan 10 ke zuwa kallo duk shekara yana da famfo, ana ƙara shi da safe a rage da dare. A 1969 ma injiniyoyin sojan Amurka sun tsayar da ruwan ɓangarensu ɗungurungum na wasu watanni don su duba duwatsun ƙasansa.

A Banff kuma kariyar da ake yabo ba ta zo da wuri ba. Cikin gandun aka haƙi kwal a garin Bankhead daga farkon ƙarni na 20 har 1922, kuma kamfanin jirgin ƙasan ne mai mahaƙar. An sari katako, an datse tafkin Minnewanka sau uku, na ƙarshe a 1941 ya nutsar da wani ƙauyen shaƙatawa da har yau masu ninƙaya ke nutsewa su gani. Ma'aikatan gandun sun shekara da shekaru suna harbin kyarkeci da sauran masu cin nama, saboda baƙo ya fi son ganin barewa tana kiwo a bakin hanya. Hukumar gandayen ƙasa da aka kafa a 1911, wadda ita ce irinta ta farko a duniya, shugabanta J. B. Harkin mutum ne mai ƙaunar daji da gaske, amma da lissafi yake shawo kan 'yan majalisa, yana nuna musu cewa ekar dutsen kallo ta fi ekar alkama kawo kuɗi. Sai dokar 1930 ta hana sabon haƙar ma'adinai, kuma kafin ta an zare yankunan da ke da kwal da katako da ruwan lantarki daga cikin iyakar gandun. Abin da aka kare shi ne abin da ya rage bayan an ɗebi na ɗiba.

Mafi nauyin abin da tallar ke ɓoyewa shi ne mutane. Masu tonon tarihi sun sami alamun zaman ɗan'adam na fiye da shekara 10,000 a bakin tafkunan Vermilion, dab da garin Banff. Stoney Nakoda sun sa hannu a yarjejeniya ta 7 da gwamnati a 1877 bisa fahimtar cewa za su ci gaba da farauta a ƙasarsu. Shekara goma bayan haka, shugaban gandun na farko, George Stewart, ya rubuta a rahotonsa cewa ya kamata a hana su shiga. A 1890 aka haramta farauta a ciki, a 1902 aka faɗaɗa gandun zuwa murabba'in kilomita 11,400 har ya haɗiye mafi yawan dajin farautarsu. Dalilan ba a ɓoye suke ba: ƙungiyoyin Turawa masu farautar nishaɗi na son namun dajin su yawaita don su cika su tsallako inda za su harbe su, jami'an gwamnati kuma na son a zaunar da 'yan asali wuri ɗaya a mai da su manoma. Abin takaicin shi ne, mutanen da aka hana shiga da bindigar neman abinci, su ake gayyatowa sau ɗaya a shekara su zo da adon gashin tsuntsu da dawakai su yi wa baƙin otal rawa, a wani biki da aka ci gaba da yi har 1978. A Jasper, wajen 1910 aka tashi iyalan Métis, zuriyar auratayya tsakanin 'yan asali da Turawa fataken fatu, daga gonakinsu na kwarin Athabasca. Hannayen da suka yi aikin ma ba sa cikin hoton. Leburori 'yan ƙasar Sin kimanin 15,000 ne suka fasa duwatsun sashen yamma na layin a kan dala ɗaya a yini, ɗaruruwansu suka mutu, a shekarar da aka gama kuma aka ɗora wa duk ɗan Sin mai shigowa harajin dala 50, wanda ya kai 500 a 1903. Hanyar mota daga Banff zuwa tafkin Louise, fursunonin sansanin Castle Mountain ne suka yi wani sashenta tsakanin 1915 da 1917, galibinsu 'yan Yukiren da aka tsare don kawai sun fito daga daular da Kanada ke yaƙi da ita a lokacin.

Akan ce bai kamata a auna mutanen da da mudun yau ba. Wannan uzuri zai fi karɓuwa da abin ya tsaya a zamanin Sarauniya Biktoriya. Amma a 1969 aka fara tashin mutum kusan 1,200 don kafa gandun Kouchibouguac a New Brunswick, wani mai suna Jackie Vautour ya ƙi tashi har aka rushe gidansa a 1976. A 1970 aka ƙwace gidajen iyalai 225 a Forillon da ke lardin Kebek, aka ƙona da yawa daga ciki, sai a 2011 majalisar wakilai ta nemi gafararsu. Waɗannan masunta ne da manoma, yawancinsu masu jin Faransanci, a zamanin talabijin da jirgin sama. Ashe ba jahilcin wani ƙarni ba ne, ra'ayi ne da ya kafu cewa wuri ba ya cika kyau sai an share mazaunansa. Ra'ayin kuma ya cuci dajin kansa. 'Yan asali kan saka wa kwaruruka wuta da gangan a lokacin da ya dace, don sabuwar ciyawa ta fito namun daji su zo. Da aka kore su aka kuma shiga kashe kowace gobara, sai filayen suka cushe. Hotunan da safiyo M. P. Bridgland ya ɗauka a Jasper a 1915, da aka koma aka sake ɗauka daga wuraren da ya tsaya a ƙarshen shekarun 1990, sun nuna sarari da ciyayi sun koma duhuwar itatuwa masu kai ɗaya. Tun shekarun 1980 hukumar gandayen ta koma saka wutar da kanta. Gobarar Yulin 2024 da ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin Jasper tana da dalilai da dama, har da fari da zafi da ƙwaron da ya busar da itatuwa, amma tarin makamashin shekara ɗari na cikinsu.

An fara gyara, sai dai gyaran ya fi sauƙi inda babu otal. A tsibiran Haida Gwaii, bayan mutanen Haida sun tare hanyar masu saran katako a 1985 har aka kama dattawansu, an cimma yarjejeniya a 1993 wadda kowane ɓangare ya riƙe da'awarsa ta mallakar Gwaii Haanas, amma suka yarda su gudanar da wurin tare. Masu gadin tsoffin ƙauyukan 'yan Haida ne, kuma ba a barin fiye da mutum 12 su sauka a lokaci guda. Banff mai karɓar baƙi sama da miliyan 4 a shekara ba shi da wannan sararin. Can abin da ake fama da shi cunkoso ne, har a 2023 aka rufe hanyar tafkin Moraine ga motocin kashin kai, tafkin da hotonsa ya taɓa hawa takardar dala 20. A 2017 aka dawo da ɓauna 16 cikin gandun bayan fiye da ƙarni guda da ƙarewarsu a yankin, aka sauke su da jirgi mai saukar ungulu a wani kwari mai nisa. A shekarar ce kuma mafarautan ƙabilar Simpcw suka yi farauta ta 'yan kwanaki a cikin Jasper da yardar hukuma, dabbobi ƙalilan suka ɗauka, amma sai da wasu masu kishin gandun suka yi ƙorafi cewa an keta alfarmar wurin.